Shin Ko Kun San? Shigar Bawul Cikin Soket Ba Ita Ce Dacewarsa Ba

Shin ko kun san har yau ana ƙera amfilifaya mai aiki da bawul, wato kwalbar gilashin nan da aka zuƙe wa iska, mai haske ja-ja a cikin tsofaffin akwatunan rediyo? Taransista ta fito daga ɗakin binciken Bell a Amurka cikin Disambar 1947, kuma kafin a yi shekara 30 ta kori bawul daga rediyo da kwamfuta da kusan duk kayan lantarkin gida. Wurare biyu ya ƙi bari: amfilifayar masu kaɗa jita, da ta masu sauraron kiɗa a gida waɗanda kunnensu ya saba da muryarsa. Taransista a liƙe take da darma, sai mai gyara ya zo. Bawul kuwa a soket yake zaune, kowa na iya zare shi da hannu ya cusa wani. Daga wannan sauƙin ne aka sami wasu sautukan da duniya ke ji da su, daga shi ne kuma taransifoma masu tsada da yawa suka ƙone.

Shin ko kun san abin da ke cikin kwalbar bai taka kara ya karya ba? Akwai hita mai ɗumama katod, katod ya saki elektiron, farantin ƙarfe mai ɗauke da wuta mai ƙarfi ya jawo su. Kusan iyakar abin da John Ambrose Fleming ya ƙera ke nan a Landan a 1904. A 1906 Ba'amurke Lee de Forest ya saka wata 'yar ragar waya a tsakanin katod da faranti, sai ya zama 'yar wuta kaɗan a kan ragar tana iya juya wuta mai yawa a farantin. Ƙara ƙarfin sauti ke nan. Kowanne daga cikin waɗannan sassa yana da ƙafarsa a gindin kwalbar, kuma duk rigimar canjin bawul a kan ƙafafun nan take farawa.

Shin ko kun san bawul guda yana iya amsa suna huɗu ko biyar? Wanda Amurkawa suka rubuta wa 12AX7 shi ne ECC83 a Turai, shi ne CV4004 a rumbun sojan Birtaniya, 7025 kuma ɗan'uwansa ne da aka tace don ya rage gurnani. Sunayen ba kara-zube aka raɗa su ba. A tsarin Amurka lambar farko tana faɗin bolt ɗin da hita ke so, ta ƙarshe tana ƙirga sassan ciki: 12AX7 na da faranti 2, raga 2, katod 2, hita 1, jimla 7. A tsarin kamfanonin Philips da Mullard harafin farko shi ne na hita. E na nufin bolt 6.3, G bolt 5. Sai C na nufin bawul mai raga ɗaya, L babban bawul mai tura lasifika, Z mai miƙar da wuta. Lamba 30 da 'yan kai gindi ne mai ƙafa 8, 80 da 'yan kai mai ƙafa 9. Wanda ya riƙe wannan, da ya ga EL34 ko GZ34 ya san rabin labarinsu tun bai buɗe littafi ba. Irin wannan canji, na suna zuwa suna, babu wata fargaba a cikinsa: ECC83 a madadin 12AX7, 6BQ5 a madadin EL84, 5AR4 a madadin GZ34.

Shin ko kun san akwai ƙananan bawul aƙalla biyar da ƙafafunsu suka yi daidai da juna ɗaya bayan ɗaya, hitarsu ma tana shan wuta kusan iri ɗaya, amma ƙarfin ninka sautinsu ya sha bamban? 12AX7, wanda RCA ta fitar a ƙarshen shekarun 1940, yana ninkawa sau 100. 5751 sau 70. 12AT7 sau 60. 12AY7 sau 40 da ɗoriya. 12AU7 bai wuce 20 ba. A nan ne masu jita suka fi yin wasa, kuma a soket na farko, inda sauti ke shigowa, wasan ba ya cutar da komai. Wanda amfilifayarsa ke saurin dusashewa tun bai murɗa ta da yawa ba, in ya sa 5751 ko 12AY7 sai ta yi sanyin hali, murya ta fito garau har zuwa can sama.

Sai dai ninkawa ba ita kaɗai ce bambancinsu ba, kuma nan ne jerin lambobin yake yaudarar mutane. An ƙera 12AT7 ne don ya yi aiki a sashen kama tasha na rediyo da talabijin. Yana jan wuta fiye da 12AX7 kuma yana jure zafi ninki biyu. Shi ya sa Fender ta sa shi a gurbin da ke tura na'urar amsa-kuwwa a amfilifayoyinta Twin Reverb da Deluxe Reverb, inda wutar faranti ke kaiwa wajen bolt 400. A sa 12AX7 a wannan gurbin don an ga lambarsa ta fi girma, an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Haka kuma a sashen da ke karɓar sautin faifan garmaho: a wasu amfilifayoyi lissafin daidaita ƙananan muryoyi da manya an gina shi ne a kan halin bawul ɗin da aka tanada, don haka in an sauya shi da wani jinsi sautin zai karkace ko da babu abin da ya ƙone.

Shin ko kun san Tarayyar Sobiyat ta ƙera nata 12AX7, amma ba zai yi aiki a soket ɗin 12AX7 ba? Sunansa 6N2P, yana ninkawa kusan sau 100, ƙafa 9 gare shi, yana shiga ramin lafiya lau. Bambancin a ƙafa ta 9 yake. A 12AX7 ita ce tsakiyar hita, abin da ke ba da damar a kunna shi da bolt 12.6 ko 6.3. A 6N2P kuwa ƙafa ta 9 garkuwa ce da ke raba sassan biyu, hitar kuma tana tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5 kawai. Yawancin amfilifayoyin jita sun haɗe 4 da 5 wuri guda, don haka in aka cusa shi ko ɗumi ba zai yi ba. In kuwa soket ɗin na bolt 12.6 ne, hitar za ta sha ninki biyu na abin da take so. Bawul ne mai kyau kuma mai araha, amma sai an sake haɗa wayoyin soket ko an sa mahaɗi na musamman. Irin wannan tarko yana tsakanin 6DJ8 da 6N1P, waɗanda wasu 'yan kasuwa ke sayarwa a matsayin abu ɗaya alhali hitar 6N1P na shan amfiya 0.6, ta 6DJ8 kuwa ba ta kai 0.4 ba.

Shin ko kun san rigimar haƙƙin mallaka ce ta raba manyan bawul gida biyu? Bernard Tellegen na kamfanin Philips a Holan ya ƙirƙiro bawul mai raga uku a 1926, kamfanin kuma ya riƙe haƙƙinsa gam. Don kada su riƙa biyan Philips, injiniyoyin EMI a Ingila suka samo wata dabara a farkon shekarun 1930: a bar raga biyu, a jera su daidai da juna, a sa wasu 'yan faranta su tattara elektiron su miƙa su gaba. Dabarar ta isa RCA ta hanyar yarjejeniyar musayar fasaha, sai RCA ta fitar da 6L6 a 1936, cikin kwanson ƙarfe. Shekara guda bayan nan Marconi-Osram ta fitar da KT66 a Ingila. Daga wannan gida 6V6 ya fito, da 5881, da 6550 na Tung-Sol, da KT88 na GEC a 1956. Daga gidan Philips da Mullard kuwa EL34 da EL84 suka fito. Duka manyan, ban da EL84, gindinsu mai ƙafa 8 ne iri ɗaya, shi ya sa ido ke cewa ai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, kuma ƙafa ta 1 ce shaida. A EL34 raga ta uku tana fitowa ta ƙafa ta 1, kuma dole a haɗa ta da katod ko da ƙasa. A 6L6 na gilashi ƙafa ta 1 ba ta haɗe da komai. Da Fender ta ga ramin zaune ba aiki, sai ta mai da shi wurin rataya rizistan da ke kai sauti zuwa raga ta farko. To ku duba abin da zai faru in aka cusa EL34 a irin wannan soket: raga ta uku ta haɗe da sauti da kuma wutar da ba tata ba. Ko tsohon 6L6 mai kwanson ƙarfe, wanda sunansa ɗaya da na gilashi, bai tsira ba, don kwansonsa a ƙafa ta 1 yake, sai ya zama jikin bawul ɗin da hannu ke taɓawa yana ɗauke da wutar da'ira. Duk wannan ba a ganin sa daga waje. Sai an juya amfilifaya an leƙa ƙarƙashin soket, ko an buɗe zanenta.

Shin ko kun san hita ce ke kashe taransifoma a ɓoye? 6V6 na shan amfiya 0.45. 6L6 na shan 0.9. KT66 wajen 1.3, EL34 1.5, 6550 da KT88 1.6. Amfilifaya mai 6L6 guda huɗu tana ba su amfiya 3.6. A sauya su da EL34 huɗu, buƙata ta haura zuwa 6. Fis ɗin gidan wuta galibi ba zai tsinke ba, sauti zai fito, mai kaya ya yi murna, taransifoma kuwa tana dahuwa a hankali har ranar da wari zai tashi. Wannan asarar ce ta fi ba ni takaici a duk harkar nan. Bawul abu ne mai ƙarewa, an yi shi don a canja. Taransifomar amfilifayar 1965 kuwa in ta ƙone, za a sami wadda za ta maye gurbinta, amma wannan da aka naɗa a wancan zamani ta tafi ke nan.

Akwai kuma juriyar zafi a faranti. 6L6 na farko wat 19 yake ɗauka, 5881 wat 23, 6L6GC wat 30 da bolt 500. Don haka 6L6GC zai zauna a gurbin yayyensa cikin kwanciyar hankali, su kuwa ba lalle su zauna a nasa ba. 6P3S na Rasha ma haka, kusa yake da tsofaffin, ba da GC ba. Canji yana tafiya ta hanya ɗaya sau da yawa, ba ya dawowa.

Shin ko kun san ko da ƙafafu sun dace, hita ta dace, saura aiki mafi muhimmanci? Masu gyara na kiran sa bayas. Wata wuta ce mara yawa da ake ɗora wa raga ta farko don ta ƙayyade yawan abin da bawul zai riƙa ja lokacin da babu sauti. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bakanike yana saita silon babur ya san abin: ya yi ƙasa inji na tari yana mutuwa, ya yi sama yana zafi yana shan mai a banza. Bayas ya yi sanyi, sauti ya fito da ƙaiƙayi, ba daɗi. Ya yi zafi, farantin da ya kamata ya kasance toka-toka sai ya fara yin ja, kuma daga nan zuwa mutuwar bawul mintoci ne. Hasken hita a tsakiya daidai ne. Jan faranti kuwa, a kashe wuta nan take.

Lissafin ba shi da wuya. Masu gyara da yawa na bin ƙa'idar kada bawul ya wuce kashi 70 cikin 100 na juriyarsa a zaune, a amfilifayar da bawul ke aiki bibbiyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ɗauki 6L6GC a kan bolt 450: kashi 70 na wat 30 shi ne wat 21, a raba da 450, a sami miliamfiya 46 ko 47. EL34 mai wat 25 a wannan wutar, wajen 39. Don a auna, sai a saka rizista mai om 1 tsakanin katod da ƙasa, duk milibolt da mita ta nuna miliamfiya ce. Abin lura shi ne, a kan bolt 450, 6L6 na son bayas wajen bolt 50 ƙasa da sifiri, EL34 kuwa wajen 40 ko ƙasa da haka. Ma'ana, 6L6 a amfilifayar da aka saita wa EL34 zai ja wuta fiye da kima. Ko bawul biyu masu suna ɗaya daga masana'anta ɗaya ba sa ja daidai, shi ya sa ake sayar da su a gwame, biyu-biyu ko huɗu-huɗu, bayan an auna su. Amfilifayoyin da ke samar da bayas ta hanyar rizista a katod, irin Vox AC30 da tsohuwar Fender Deluxe ta shekarun 1950, suna daidaita kansu gwargwado, in dai jinsi ɗaya aka mayar. Mesa Boogie ta bi wata hanya: ta ƙulle bayas ba a murɗawa, tana sayar da bawul da ta tantance, a amfilifayarta Dual Rectifier kuma ta sa makunni a baya da ke sauyawa tsakanin 6L6 da EL34, don tun farko an ba ta taransifomar da za ta ɗauki kowanne.

Kafin kowa ya ɗauki sukuddireba: kafasito ɗin cikin waɗannan amfilifayoyi na iya riƙe bolt 400 zuwa 500 bayan an zare waya daga bango, kuma wannan wuta tana kisa. Wanda bai iya sauke ta ba ya kai wa mai gyara. Kada kuma a kunna amfilifayar bawul babu lasifika a jone, don taransifomar fitar da sauti na iya fashewa daga ciki.

Shin ko kun san sautin Marshall, wanda ya cika filayen wasa a duniya, daga canjin bawul aka haife shi? Jim Marshall makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa a Hanwell, yammacin Landan. Amfilifayoyin Fender na Amurka sun yi wa samarin da ke zuwa shagonsa tsada, sai a 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi zanen Fender Bassman suka ƙera JTM45. Amma da kayan da ke hannunsu suka yi. Bassman na da 12AY7 a soket na farko, su suka sa ECC83 mai ninkawa fiye da sau biyu, sai ta riƙa dusashewa da wuri, da wani irin kaushi. Manyan bawul ɗin da fari 5881 ne irin na Fender, daga baya suka koma KT66 na gida. Da irin wannan Marshall ɗin Eric Clapton ya ɗauki faifansa da John Mayall a 1966. Wajen wannan shekarar kuma kamfanin ya koma EL34 na Mullard, wanda ya fi araha da sauƙin samu, sautin ya ƙara kaifi. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan murya tun farko. Tsada da ƙarancin kaya ne suka tura su, kunne kuma ya amince. Abin da ya bambanta su da mai cusa bawul a makance shi ne duk lokacin da suka sauya, sun gyara bayas, sun gyara wayoyi, sun sauya taransifoma in ta kama.

Labarin bai tsaya nan ba. A tsakiyar shekarun 1970 Unicord, kamfanin da ke shigar da Marshall Amurka, ya gaji da EL34 da ke mutuwa tun garanti bai ƙare ba, sai ya koma sa 6550 mai ƙarin juriya. Amfilifaya ɗaya, suna ɗaya, amma ta Amurka ta fi tauri da tsabtar murya, ta Ingila ta fi saurin narkewa. Har yau masu gyara a Amurka na karɓar aikin mayar da irin waɗannan zuwa EL34. Ampeg ma ta yi nata: SVT ɗinta mai wat 300 ta fito a 1969 da 6146B guda shida, bawul na na'urar watsa rediyo, amma bai zauna lafiya a wannan aikin ba, ba da jimawa ba aka koma 6550.

Shin ko kun san PL84 ba EL84 ba ne mai wata hita dabam? Sunan na nuna haka, amma cikinsa na EL86 ne, wanda ke son ƙaramar wuta. 7189 kuwa EL84 ne da aka ƙarfafa don ya jure bolt 400, kuma wasu amfilifayoyin gida na Amurka na farkon shekarun 1960 a kansa aka gina su. A sa musu EL84 na yau da kullum, ba zai daɗe ba.

Shin ko kun san bawul ɗin da sauti ba ya bi ta cikinsa ma yana sauya sauti? Shi ne mai miƙar da wuta, wanda ke mai da wutar bango mai kai-komo zuwa miƙaƙƙiya. GZ34 kaɗan yake zubarwa a hanya, ƙasa da bolt 20. 5U4 da 5Y3 na zubar da 50 zuwa 60 in an matsa musu, shi ya sa in makaɗi ya daki jita da ƙarfi wutar ke ɗan durƙusawa sannan ta miƙe, abin da masu kiɗan bulus ke so ƙwarai. Amma a cire 5Y3 a sa GZ34, wutar kowane faranti ta tashi, tsofaffin kafasito su shiga uku. A cire GZ34 mai shan amfiya 1.9 a sa 5U4 mai shan 3, an koma ga matsalar taransifoma. GZ34 na da wata falala kuma: yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya ɗumama, don haka babbar wuta ba ta afka wa sauran bawul suna sanyi.

Shin ko kun san kuskure mafi tsada yana ɗaukar daƙiƙa kaɗan? 300B na Western Electric, wanda ya fito a 1938 ya yi aiki a gidajen siliman Amurka, da 2A3 na RCA, soket ɗinsu ɗaya ne mai rami huɗu. 300B bolt 5 yake so, 2A3 bolt 2.5. A sa 2A3 a gurbin 300B, zaren cikinsa ya sha ninki biyu. Waɗannan bawul ɗin wat 8 da wat 3 da rabi kawai suke bayarwa, amma masu sauraro a Japan ne suka farfaɗo da darajarsu tun shekarun 1970, har aka wayi gari tsoffin na asali sun zama kayan gwanjo.

Wani lokaci canji ba zaɓi ba ne, dole ce. Amfilifayar Dynaco ST-70 ta David Hafler, mai wat 35 a kowane ɓangare, ta fito a 1959, aka sayar da fiye da 300,000, da yawa a matsayin kayan da mutum zai harhaɗa da kansa a gida. Tana amfani da 7199 guda biyu, waɗanda aka daina ƙerawa suka yi wuya. Masu ita suka koma 6GH8A, bawul na talabijin mai launi da aka ƙera da yawan gaske, amma da yake ƙafafun sun saɓa sai an sa mahaɗi a tsakani. 7591 na amfilifayoyin Fisher da Scott ma ya ɓace shekaru da dama. Da aka dawo da ƙera shi, wasu sababbin sun fi na da girman kwalba, har akwatin wasu na'urori ya ƙi rufuwa a kansu.

Shin ko kun san sunan da ke jikin kwalba a yau ba ya faɗin inda aka yi ta? Masana'antar Mullard ta Blackburn da ta RCA a Harrison sun daina tun tuni. Sababbin bawul masu tambarin Mullard, Tung-Sol, Genalex, Sovtek da Electro-Harmonix duk daga masana'anta ɗaya suke fitowa a birnin Saratov na Rasha, mallakar kamfanin New Sensor na Ba'amurke Mike Matthews. Sai JJ Electronic a Čadca ta Sulobakiya, sai masana'antun Sin irin su Psvane, sai Western Electric da ke yin 300B a Rossville ta jihar Jojiya. Gabashin Turai ya riƙe sana'ar ne don sojojinsa sun daɗe suna amfani da bawul. Lokacin da matuƙin jirgin Sobiyat Viktor Belenko ya gudu da jirgin yaƙi MiG-25 zuwa Hakodate ta Japan a Satumbar 1976, waɗanda suka kwance jirgin sun tarar da bawul a na'urorinsa. A Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, labari ya bazu cewa Rasha ta hana fitar da su. Cikin kwanaki shaguna suka ƙare, farashi ya yi tsalle, kuma mutanen da ba su taɓa tambayar wane bawul zai maye gurbin wane ba suka fara tambaya.

Tsofaffin da ba a taɓa kunnawa ba, waɗanda suka kwana shekara 50 a kwalinsu, suna da kasuwa mai zafi, jabu kuma ya yi yawa, don buga tambari a gilashi ba wuya. Masana na duba abin da ba a iya gogewa: alamar lu'ulu'u da aka zuba a gilashin gindin bawul ɗin Telefunken tsakanin ƙafafu, ko 'yan lambobin da Philips da Mullard suka ƙona a jikin kwalba masu nuna masana'anta da shekara. Ra'ayina a nan shi ne, ingancin tsofaffin gaskiya ne, musamman wajen daɗewa, irin E88CC da aka yi wa alkawarin awa 10,000. Amma bambancin sauti tsakanin 12AX7 na wannan kamfani da na wancan ƙarami ne in aka gwada shi da abin da lasifika ko saitin bayas ke yi, kuma kuɗin da za a kashe kan kwalba ɗaya mai suna ya fi amfani a hannun mai gyaran da zai sauya tsofaffin kafasito. Abu ɗaya da ido ke iya yanke wa hukunci ba tare da mita ba shi ne tabon azurfa da ke saman gilashi ko gefensa. Sinadarin bariyom ne da aka fesa don ya shanye ragowar iska. In ya koma fari fat, iska ta shiga, bawul ya mutu, ko nawa aka saye shi.

Shin ko kun san wutar bango ma tana cikin lissafin? Amfilifayar da aka yi don Amurka bolt 120 take so, mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. A Najeriya da Nijar da Gana wutar wajen 230 ce, mai juyawa sau 50. Wanda ya sayo irin wannan a kayan gwanjo dole ya sa mata taransifomar rage wuta, kuma ko da ya sa, taransifomar cikinta za ta fi ɗumi a kan 50, don haka rarar da take da ita ta ɗaukar bawul mai shan hita da yawa ta ragu. Ga kuma hawa da saukar wuta, ga janareta. Hita na son bolt 6.3, ba ta son a kauce mata da fiye da kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, kuma bayas ɗin da aka saita da rana wuta na 200 zai zama wani abu dabam da dare in ta haura 240. A irin wannan wuri a sa sitabilaiza tukuna, a auna wutar hita a ƙafa ta 2 da ta 7 na babban bawul mai ƙafa 8, sannan a taɓa bayas.